Gawar Malam Anadi

"Ba zan ba da makullin ba, Baffa."

Tista ta faɗi haka tana tsaye, ta jingina bayanta da ƙofar ɗakin karatun mahaifinta. Makullin yana ɗaure a bakin sarinta, dogon zanen da ta naɗa a jiki, ta dunƙule shi a hannu. A cikin ɗakin, kan gadon katako tsakanin kantocin littattafai, gawar Anadi Pakrashi ce kwance, fanka tana juyawa a kanta.

Baffa Haripada, yayan mamacin, ya baro ƙauye a babur ɗin haya ko karyawa bai yi ba. Gumi ya jiƙe masa riga.

"Ke, da wa kike magana? Ni na koya wa ubanki tafiya. Ba roƙonki nake yi ba. Buɗe, a fito da shi tsakar gida, a wanke shi, a shafe shi da man shanu, mu kai shi bakin kogi a ƙona shi kafin rana ta take."

"Ba bakin kogi za shi ba. Kwalejin likitoci za shi. Ya rubuta, ya sa hannu, yau shekara tara."

"Su yayyanka shi kamar kabewa?"

"Haka ya so. Ya ce in ɗalibai sun buɗe kansa su duba da kyau, ko za su gano abin da ya dame ku da shi."

Baffa ya ɗaga hannu. Tista ba ta kauce ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauko a hankali ya share gumin wuyansa.

Ta dubi agogon bango. Ƙarfe tara da kwata. Likitan unguwa ya rubuta bakwai da minti goma a takardar mutuwa. A wannan wata na zafi kwalejin ba ta karɓar gawar da ta wuce awa shida, kuma daga nan zuwa babban birnin gunduma tafiyar awa ɗaya da rabi ce. In sha ɗaya da rabi ta yi yana cikin ɗakin nan, shi ke nan.

Anadi Pakrashi ya fara rayuwa ne a matsayin akawu a ofishin jirgin ƙasa. Yana da shekara talatin ya ajiye aikin, ya ce ya gaji da buga hatimi a kan bayan mutane. Daga nan ya rubuta littafi goma sha ɗaya, duka da hannu, a bayan tsofaffin takardun talla. Bai yarda da wani abin bauta ba, ɗaya ko dubu. Bai kuma yarda gwamnati tana da iko da jikin mutum ko guminsa ba. Saboda haka ba shi da gindin zama a kowane ɓangare. Masu ɗakin bauta sun ƙona littafinsa a bakin kasuwa. 'Yan jam'iyyar da ke zagin masu ɗakin bauta su ma sun fasa masa tagogi, don ya rubuta cewa ba su da hurumin ƙwace filin ɗakin bautar, ko da shi ba ya shiga. Gwamnatin jiha ta taɓa aiko masa da lambar yabo, ya mayar a cikin kwalinta. A littafinsa da aka fi sani, *Wa Ya Aike Ka?*, ya ce: "Duk wanda ya zo maka da umarni, da sanda ya zo ko da turare, tambaye shi wanda ya aiko shi. Ka bi layin har ƙarshe. Shekara arba'in ina bi, ban taɓa tarar da kowa a can ba sai wani mutum mai jin yunwa kamar ni."

Tista ce 'yarsa ɗaya tilo. Tun da idonsa ya fara rauni ita ke karanta masa abin da ya rubuta, yana gyarawa, suna faɗa a kan kowace jimla. Da safe tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata da ke bayan tasha.

Hayaniya ta taso daga layi. Ta leƙa ta tagar baranda. Samarin kulob ɗin unguwa ne, su kusan ashirin, sun jingina makarar gora a bangon gidan. Akwai sarƙoƙin fure, da damin turaren tsinke, da buhun hurarriyar shinkafar da ake watsawa a hanya in za a kai gawa. A gabansu Kansila Goshtho Mondal ne cikin farar riga mai guga. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya hawo yana haɗa tafin hannu.

"Malama, sannu da rashi. Unguwa ta yi babban rashi. Mun sha bamban da Malam, amma namu ne."

Sun sha bamban ƙwarai. Shekara huɗu da suka wuce kansilan ya sa an kori masu sayar da kifi daga bakin tasha don a kafa mutum-mutumin wani jigon jam'iyya. Anadi ya yi wata bakwai yana rubutu a kansa a jarida har kotu ta mayar da su.

"Mun gode, Yallaɓai. Amma makarar nan ku mayar. Mota na zuwa."

"Haba, Malama." Ya yi murmushi. "Duk unguwa ta ji abin da ya faru. An ce da gari ya waye Malam ya nemi ruwan kogi mai tsarki, ya kira sunan allahiya sau uku. Mutum ya dawo hanya a ƙarshe, a hana shi wuta?"

"Shayi ya nema. Ya ce kada in sa sukari, na sa, ya ce mini mara jin magana. Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Ina wurin, kai ba ka nan."

Wani daga cikin samarin ya fashe da dariya, sannan ya haɗiye ta. Wani kuma a kan matakala ya ɗaga waya sama yana ɗaukar hoton bidiyo. Nan Tista ta ga abin da suka zo nema. Za su ɗauki Anadi Pakrashi lulluɓe da fure, ana kiran sunan alloli a kansa, malamin bauta na karatu, 'yarsa na kai masa wuta a baki. Kafin yamma bidiyon ya zaga duk wayoyin gunduma. Littafi goma sha ɗaya, minti ɗaya zai shafe su.

Kansila ya matso, ya rage murya.

"Yaya makaranta? Ranar Litinin kwamiti zai zauna a kan malaman wucin gadi irinki. Kin san ni ke shugabanta." Ya dubi rufin barandar, ya dubi tagogi. "Gidan nan kuma daga yau mata biyu ne kaɗai a ciki. Unguwa ce ke tsare mace, ƙanwata, ba sakata ba. Ki yi tunani. Muna ƙasa, ba sauri muke yi ba."

Ya sauka. Baffa ya bi shi yana faɗa masa wani abu a kunne.

Tista ta kira direban motar gawa da suka yi magana tun bakwai da rabi. Sai a kira na uku ya ɗauka.

"Malama, ki yi haƙuri, taya ta fashe."

"Wacce?"

"Duka huɗun," ya ce, ya kashe.

Ta kira wasu biyu. Ɗaya ya ce yana gidan surukansa, ɗayan da ya ji sunan layin ya ce bai san wurin ba. Sannan ta kira kwalejin don ta ce kada su cire rai. Wata mata mai muryar gajiya ta ɗauka, ta nemi lambar takardar alkawarin, ta yi ta buɗe fayil.

"Na gani. Matarsa tana raye?"

"Tana raye."

"To akwai layi a ƙasan takardar. Sai ta sa hannu cewa ba ta da ja. Ba 'ya ba, mata. In babu wannan, ko kin kawo shi, da shi za ki koma."

Ƙarfe goma da minti ashirin.

Shefali, mahaifiyar Tista, tana zaune a ƙasa a lungun ɗakin girki, inda 'yar kantar allolinta take. Ba ta kunna turare ba, don gidan da ke da gawa ba a bauta a cikinsa. Har yanzu jan garin da matan aure ke shafawa yana tsagar gashinta, fararen awarwaron aurenta suna hannunta. Shekara talatin da huɗu tana bauta a lungun nan, mijinta yana rubuta cewa babu kowa a sama a ɗakin da ke jikin bangon. Kullum in ya dawo daga kasuwa sai ya ajiye mata jan furen bauta a ƙunshin ganye ya ce, "Ga harajin yau. Shi kaɗai nake biya da son raina."

Tista ta durƙusa, ta shimfiɗa takardar a kan tabarma, ta ajiye biro.

"Mama."

"Na ji ki a waya. Ban kurumce ba."

"To ga shi."

Shefali ba ta dubi takardar ba. "Kin san abin da zai same shi? Wanda bai ga wuta ba ba ya wucewa. Zai yi ta yawo a bakin kogi da ƙishirwa, ba mai ba shi ruwa. Mutumin da ko kofinsa ba ya iya nemowa da kansa."

"Mama, shi bai yarda da wannan ba."

"Ni na yarda. Shi ya tafi abinsa, ya bar ni da abin da na yarda da shi. Ke kin yi digiri, in kin kwanta barci za ki yi. Ni zan riƙa jin sa a bayan taga."

Daga layi aka fara kiran nan da ake yi in an ɗauki makara, murya ɗaya ta ɗaga, ashirin su amsa. Ba su ɗauki kowa ba tukuna. Tunatarwa ce.

Tista ta san sa hannun uwarta kamar nata. Ita ke cika mata takardun asibiti, ta san inda biro ke rawa. Da ta shiga bayi minti ɗaya da an gama. Ta dubi biron, ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

"Ba zan karɓa da ƙarfi ba, ba zan kuma yi miki ƙarya a kai ba. Amma ki sani, ko kin sa ko ba ki sa ba, ina bakin ƙofar can. Sai sun ɗauke ni kafin su ɗauke shi. Ba don ƙaunarsa suka zo ba, Mama. Dubi wayoyinsu."

"Na san Goshtho tun yana yawo ba wando. Ba sai kin gaya mini ba." Shefali ta jawo takardar, ta nisanta ta da idonta tana karantawa a hankali. "Shekara tara abin nan na cikin akwati. Ya ga layin nan. Ya san sunana ake nema. Ko sau ɗaya bai kawo mini ba. Ya iya tsayawa gaban kansila da alƙali, amma bai iya tsayawa gabana da wannan ba. Ke ya bar wa aikin. Matsoraci."

Tista ba ta kare shi ba. Gaskiya ce.

Shefali ta ɗauki biron. Ta rubuta sunanta harafi bayan harafi, awarwaron suna karo da juna. Ta ajiye.

"Na sa, don bai taɓa hana ni furena ba. Yanzu ki saurare ni, 'yar nan. Yau zan bi Baffanki ƙauye. Za su ɗaura mutum-mutumin ciyawa su ƙona a madadinsa, ko zai ɗan samu sauƙi. Kada ki zo. Hannun da ya miƙo mini biron nan, ba zan ƙara cin abin da ya dafa ba."

"Mama..."

"Tashi. Lokaci na tafiya."

Da Tista ta fito baranda sha ɗaya saura kwata. Tana da takarda, ba ta da mota. Sai ta ji ƙarar wani tsohon inji yana tari a bakin layi. Wata 'yar akori-kura ce mai shuɗin fenti, ruwa na ɗiga daga bayanta. Ta kutsa tsakiyar samarin a hankali har suka dare. Sudam mai kifi ya sauko, tsoho baƙi siriri, da tawul a kafaɗa. A bayansa mata biyu 'yan kasuwa suka diro, Phulmoni da ƙanwarta, ɓawon kifi na ƙyalli a hannuwansu.

"Malama ƙarama!" Sudam ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "An ce yau tayoyin garin nan duk sun fashe. Nawa tsofaffi ne, amma suna juyawa. Akwai sauran ƙanƙara ma. Malam ba zai ji zafi ba."

"Za ta yi wari," in ji Phulmoni. "Amma shi ya ce warin kifi ya fi na ofis."

Tista ta kwance makullin. Su huɗu suka shiga. Suka naɗe shi a zanen gadon, kowa ya kama kusurwa. Bai yi nauyi ba. Da suka fito bakin matakala Baffa Haripada ya tare hanya, ya ga hannuwan da ke riƙe da ƙaninsa, fuskarsa ta canza.

"Masunta? Ɗan gidanmu, jikan malaman bauta, masunta ne za su taɓa gawarsa? Tista, kin kashe mu."

"Shekara huɗu da suka wuce da shi muke cin shinkafa a faranti ɗaya a bakin kotu, Baba," in ji Phulmoni. "In taɓawa ce, ta daɗe da taɓuwa. Matsa, hannuna ya gaji."

Baffa ya ja baya ya manne da bango, don kada zanen ya goge shi.

A ƙasa samari sun toshe ƙofa. Tista ta riƙe kusurwarta da hannu ɗaya, ta ɗaga takardar da ɗayan, ta juya ta wajen mai ɗaukar bidiyo.

"Ɗauka da kyau. Ga sa hannunsa, ga na matarsa. Yallaɓai Kansila, in za ka ƙwace gawa daga hannun 'yarsa da matan kasuwa, ka tsaya inda fuskarka za ta fito."

Kansila Goshtho ya dubi wayar, ya dubi matan biyu. Masu kifi da iyalansu sun fi ɗari uku a mazaɓarsa. Ya ɗaga yatsa ɗaya, saurayin ya sauke wayar. Ya sake ɗagawa, hanya ta buɗe.

"A sauka lafiya, Malama," ya ce a hankali. "Ai za ki dawo."

Suka kwantar da shi a kan tabarmar roba tsakanin akwatunan ƙanƙara. Tista ta hau baya ta zauna kusa da kansa. Ta ɗaga ido zuwa tagar ɗakin girki. A rufe take.

Babura biyu suka biyo su. Ba su matso ba, ba su kuma ja baya ba. Suka wuce tasha, suka wuce injin casar shinkafa, suka shiga gonaki, baburan na nan. A bakin gada ɗaya ya zo daidai da motar. Wanda aka goyo a baya ya ɗauki hoton lambar, sannan ya ɗauki na Tista, ya yi mata murmushi. Ta dube shi har sai da ya kau da kai. Suka juya.

Sudam ya leƙo ta taga. "Gobe za a ce takardun motata ba su cika ba."

"Sun cika?"

"Ina fa! Malam ne ya ce kada in cika su."

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta toshe baki da bakin sarinta. Ƙanƙara na narkewa, ruwan yana bi ta ƙarƙashin ƙafafunta yana zuba a kwalta.

Ɗaya saura minti ashirin suka shiga ƙofar baya ta kwalejin. Matar mai muryar gajiya ta duba takardar mutuwa, ta duba agogo, ta bi sa hannun Shefali da yatsa. Ma'aikata biyu suka turo gado mai taya. Ɗaya ya shinshina, ya dubi motar, bai ce komai ba. Aka ɗaura wa Anadi Pakrashi 'yar takarda mai lamba a babban yatsan ƙafa, aka tura shi ta wata ƙofar ƙarfe. Matar ta buga hatimi a kan rasit ta miƙa wa Tista.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kuna iya tafiya."

Da la'asar ta dawo gida. Makarar gora na nan jingine a bango, an watsa hurarriyar shinkafar a bakin ƙofa har ta rufe dokin ƙofar. Ta tsallake. Lungun ɗakin girki fayau, an kwashe allolin, sai ƙusoshi huɗu a bango. Maƙwabciyar da ta goya ta tana jaririya ta gan ta ta taga, ta ja labule.

Ranar Litinin masinjan makaranta ya kawo mata wasiƙa mai layi biyu. Motar Sudam ta yi sati uku a ofishin 'yan sanda, kifinsa na ruɓewa a kwando. Sau biyu aka jefo bulo ta tagar ɗakin karatu, Tista ta toshe ta da katako ta ci gaba da kwafe littafi na goma sha biyu, wanda bai gama ba.

An yi wa Anadi Pakrashi yadda ya so, kuma babu wanda ya sa masa wata magana a baki. Tista ta rasa aikinta, ba mai gaishe ta a layin da aka haife ta. Wata goma sha ɗaya ke nan duk Lahadi tana kiran wayar uwarta. Ana ɗauka. Tana jin numfashin Shefali na ɗan lokaci, sannan a kashe.